Jirgin ɗaukar marasa lafiya a karkara: me ke kayar da shi, kuma ya dace da mu?

"Assalamu alaikum Baba Kyaftin. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a yankin Guri, jihar Jigawa. A daminar bara ruwa ya yanke mana hanya, wata baiwar Allah da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ta cika a cikin kwale-kwale kafin mu kai ta Haɗeja. Tun daga nan ƙungiyar ci gaban garinmu take maganar a share fili a bayan gari, a nemi kamfanin da zai riƙa turo ƙaramin jirgi ko mai saukar ungulu in ta ɓaci. To amma na ga labarin jirgin asibitin da ya faɗi a Kenya, na kuma ji ana cewa irin waɗannan jirage sun fi sauran faɗuwa. Gaskiya ne? Me ke kawo hakan? Mu ci gaba da batun filin ko mu haƙura?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙanta da rahama, ya raya abin da ta bari, ku kuma ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuka yi da ita. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko jirgin asibiti ya fi sauran jirage hatsari, me ke kayar da shi, sannan ko filin da kuke shirin sharewa zai hana a sake irin wancan rashi. A Kwalejin Zariya na koyi tuƙi, na kuma shafe shekaru ina jan ƙananan jirage na haya a nan arewa, cikin aikin har da ɗauko marasa lafiya. Da idon matuƙi zan ba ka amsa. Abin da ya shafi jikin majiyyaci kuwa, kai da likitocinku kun fi ni sani, ba zan shiga gonarku ba.

Abin da ka ji yana da tushe. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta taɓa tattara hatsarin jiragen asibiti 55 da suka auku tsakanin Janairun 2002 da Janairun 2005, waɗanda suka ci ran mutum 54. Guda 41 masu saukar ungulu ne, 14 masu fiffike. Abin lura shi ne 35 daga cikinsu babu majiyyaci a ciki lokacin da suka faɗi, wato ko dai ana hanyar zuwa ɗauko shi, ko an ajiye shi ana komawa gida. Na Kenya da ka gani ma haka ne. Ran 7 ga Agustan 2025 ya tashi daga filin Wilson na Nairobi zai tafi Hargeisa ta yankin Somaliland, mintuna kaɗan da tashinsa ya rikito kan gidaje, matuƙa biyu da likita da nas suka rasu, da mutum biyu a ƙasa. Kwana biyu kafin wannan, wani jirgin asibitin ya faɗi a Chinle, wani ƙauyen jeji a jihar Arizona, mutum huɗu suka mutu, su ma ɗauko majiyyaci suka je. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka aikin gaba ɗaya ganganci ne. Ƙungiyar AMREF mai jirgin Kenya tun 1957 take wannan hidima a gabashin Afirka, likitocin sama na Ostareliya kuma tun 1928, kuma waɗanda suka ceta ba sa ƙirguwa. Ƙanƙantar jirgin ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce lokacin da ake tura shi, da wurin da ake tura shi, da abin da ke zuciyar mai tuƙa shi.

Tausayi

Jirgin fasinja da ke tashi daga Kano zuwa Abuja ya san ranar tafiyarsa tun makonni. Titin da zai sauka a kai shimfiɗaɗɗe ne, da fitilu, da hasumiya, da rahoton yanayi daga NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa. In hazo ya yi yawa sai a ɗage tafiya, fasinjoji su yi ta mita, kowa ya koma gida da ransa. Jirgin asibiti ba ya zaɓen lokaci. Ciwo ne ke zaɓar masa, ciwo kuwa ka fi ni sanin yadda yake son dare. Ana buga waya ƙarfe ɗayan dare, a ce yaro ne, a ce in ba a zo yanzu ba ba zai kai asuba ba. Matuƙin da da rana tsaka zai dubi sararin nan ya ce a'a, sai ka ga ya fara lallashin kansa: ai hadarin zai wuce ta kudu, ai na san hanyar, ai minti arba'in ne kawai.

A nan gida abin ya fi nauyi, domin mai kiran yakan haɗa ka da Allah. Wani dattijo ya taɓa riƙe mini hannu a bakin jirgi yana hawaye, yana cewa "Kyaftin, ka dubi girman Allah ka kai mini ita." Gabas ta yi baƙi ƙirin a lokacin, iska ta fara kaɗa ledoji. Na ce masa sai da safe. Har yau ina ganin irin kallon da ya yi mini. Wani lokacin kuma ba hawaye ba ne, iko ne: babban mutum ya biya kuɗinsa, yaransa na tsaye a kanka, manajan kamfani na kira yana tambayar me ya tsayar da kai. Akwai kuma wata mummunar ɗabi'a, in kamfani ɗaya ya ƙi tashi saboda yanayi sai a kira na biyu, a ɓoye masa cewa na farko ya ƙi, a yi ta zagaye har a dace da wanda zai ce to.

Shi ya sa kamfanonin da suka san abin da suke yi ba sa gaya wa matuƙi ko wane ne majiyyacin, ko me ke damunsa. Ana ce masa daga wuri kaza zuwa wuri kaza, nauyi kaza, za ka iya? Ya dubi yanayi da mai da gajiyarsa ya yanke hukunci. Suna kuma da ƙa'idar cewa sai matuƙi da likita da nas duk sun yarda ake tashi, amma mutum ɗaya a cikinsu ya isa ya hana, ba tare da an tuhume shi ba. Amurka sai da ta sha rashi, musamman a 2008, kafin a 2014 ta wajabta wa masu saukar ungulu na asibiti cike takardar auna hatsari kafin kowace tafiya, da ɗaura na'urar da ke yi wa matuƙi gargaɗi in ya kusanci ƙasa. Mu Hausawa mun riga su da karin magana, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, illa iyaka faɗarta a gaban uban majiyyaci ba ƙaramin aiki ba ne.

Duhun ƙauye

Wanda bai taɓa zama a gaban jirgi da dare ba ba zai gane irin duhun da nake nufi ba. In ka tashi daga Kano, fitilun birni na nuna maka ina ne ƙasa ina ne sama. Da zarar ka miƙa gabas ka wuce Ringim a daren da babu farin wata, sai komai ya zama baƙi ɗaya, kamar an kifa maka tukunya. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wani ruwa da ke gaya masa ko a miƙe yake ko a karkace. In ido bai ga komai ba, wannan ruwa yakan yi ƙarya. Jirgi na karkata a hankali, jikinka na rantse maka a daidai kake. Ka gyara shi, jikinka ya ce yanzu ne ka karkace. Maganin kawai shi ne ka ƙaryata jikinka ka gaskata agogunan da ke gabanka, wannan kuwa horo ne na musamman da ake sabuntawa a kai a kai.

A Moosonee, wani gari mai nisa a arewacin lardin Ontario na Kanada, ran 31 ga Mayun 2013, jirgin asibiti mai saukar ungulu ya tashi tsakar dare zuwa ɗauko majiyyaci. Lafiyar injinsa ƙalau. Yana barin hasken fili ya shiga duhu, ya fara kwana, ya yi ta sauka ba su ankara ba har ya daki ƙasa. Matuƙa biyu da ma'aikatan lafiya biyu suka tafi. A nan ƙasar kuma kowa na tuna hatsarin marigayi Gwamna Danbaba Suntai na Taraba, ran 25 ga Oktoban 2012, a ƙaramin jirgi ƙirar Cessna Caravan kusa da Yola. Ba jirgin asibiti ba ne, amma darasin ɗaya ne: tafiya ce ta gani da ido, rana kuma ta faɗi kafin a isa. Filin da za ku share a bayan gari ba shi da fitila ko ɗaya. Ke nan daga magariba zuwa fitowar rana a rufe yake, kuma duk matuƙin da ya yarda ya sauka a kai a wannan tsakani, ka ji tsoronsa.

Hazo, hadari da zafin bazara

Kasa shekararmu kashi uku ka ga abin da zai rage wa jirgi. Da hunturu hazo ne, wani lokacin manyan jirage ma da duk na'urorinsu sai su kasa sauka a Kano a karkatar da su. Ga ƙasa ta bushe ta zama turɓaya. Mai saukar ungulu in ya zo sauka a irin wannan wuri, iskar farfelarsa ke tayar da ƙura ta lulluɓe shi a daidai lokacin da matuƙi ya fi bukatar ganin ƙasa. Abin da ya kifar da jirgin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ke nan a Kabba ran 2 ga Fabrairun 2019. Allah ya yi da sauran kwana, kowa ya fita da rai. In hakan ta faru da jirgin da ke ɗauke da mutum na biyu a ƙasa, da rana tsaka, to ka ƙiyasta filin ƙwallon firamare a Jigawa, jihar da sunanta ma yashi ne.

Da damina kuma hadari ne, wanda tsakaninsa da haɗari ɗan lanƙwasar harafi ɗaya ce. Namu yakan taso daga gabas da la'asar ko cikin dare, ya jeru kamar katanga, iska mai ƙura na gabansa. Ƙaramin jirgi ba ya ratsa shi, ba ya kuma iya haye shi. Ga kuma abin da nake so ƙungiyarku ta yi tunani a kai sosai: watannin da ruwa ke yanke muku hanya, Agusta da Satumba, su ne watannin da filin ƙasa zai zama taɓo. Tayar jirgi in ta lume a laka yana cikin gudu, kifewa zai yi. Yankinku kuma fadama ce. Dausayin Haɗeja da Nguru, da dajin Baturiya da ke maƙwabtaka da ku, matattarar tsuntsaye ce har daga Turai, ga garken jan-baki da ke rufe sama lokacin da shinkafa da dawa suka nuna. Tsuntsu mai girman dinya in ya haɗu da gilashin gaba a gudun jirgi, ba ya tsayawa a waje.

Na bazara ne mutane suka fi rainawa, don sama tas take. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, inji ma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Filin jirgin Kano yana kan tudun da ya kai ƙafa 1,560 daga teku. A lissafinmu, duk digiri ɗaya da zafi ya haura mizanin da aka ƙayyade wa tudun wurin, kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Ranar da zafi ya kai 42 a watan Afrilu, jirgi ji yake kamar daga ƙafa 5,000 da ɗoriya yake tashi, sama da filin Jos. Mutanen Gwammaja ba za su manta da 4 ga Mayun 2002 ba, ranar da jirgin fasinja na kamfanin EAS ya cinye titi bai gama samun ƙarfi ba, ya faɗa kan gidaje, fiye da mutum 100 suka rasu. Zafin rana da gajartar titin da aka yi amfani da shi suna cikin abin da bincike ya ambata.

A nan ne ni ma na kusa barin duniya, kuma laifina ne. Mun je ɗauko wani bawan Allah da ya yi hatsarin mota, a wani filin ƙasa, wajen ƙarfe biyu na rana ana tsakiyar bazara. Na yi lissafina da majiyyaci da nas da ɗan rakiya ɗaya. Ka san mu, ba ma zuwa jinya mu kaɗai. Sai ga uwargida, ga ƙanin mahaifi wanda ba a iya ce masa ya tsaya, ga tabarmi da bokiti da kuloli da buhun da ban tambayi abin da ke ciki ba. Kunya ta hana ni magana. Muka fara gudu, na wuce inda na saba ɗagawa jirgi bai ko motsa ba, wurin tsayawa kuma ya riga ya wuce. Da ƙyar ya ɗago. Da muka sauka, injiniya ya zaro ganyen darbejiya daga ƙafar taya ya miƙo mini, bai ce uffan ba. Tun daga ranar nake tafiya da sikeli, na kuma koyi ce wa dattijo ya yi haƙuri ya biyo mota.

Lissafin lokaci

Mu ajiye batun faɗuwa, mu ɗauka komai ya tafi daidai. Jiragen asibiti na haya a ƙasar nan galibi a Legas da Abuja suke kwana. Ka buga waya, a tabbatar da kuɗi, wanda miliyoyin naira ne kuma kafin a tashi ake biya, a tara matuƙa da likita, a sha mai, a shigar da takardar tafiya, sannan a yi tafiyar da daga Abuja zuwa yankinku ba za ta gaza awa ɗaya da wani abu ba a jirgi mai fiffike, mai saukar ungulu kuma ya fi haka jinkiri. A aikace rabin yini ne in an yi sa'a. Kai ka sani, jinin bayan haihuwa in ya ɓalle yana iya kashe mace cikin awa biyu. Ko da filinku a share yake a ranar, jirgi ba zai riski baiwar Allah nan ba. Na faɗi haka ne don kada wani a cikinku ya riƙa ɗora wa kansa laifin cewa da akwai fili da ta rayu.

Filin kansa kuma ba sharar gona ba ne. Jirgi mai fiffike yana son kusan kilomita guda na ƙasa mai tauri, a daddaɓe, da magudanar ruwa, babu bishiya ko ƙarfen sabis ko wayar wuta a bakinsa biyu, da shingen da zai hana awaki da shanu, da mai duba shi kullum saboda suri da ramin gafiya. Sai an samu izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, kuma a halin tsaron da ake ciki babu jami'in da zai yi wasa da titin jirgi a bayan gari. Filin da ake amfani da shi sau ɗaya a shekara gwamma babu shi saboda hatsarinsa, domin matuƙi zai zo da yaƙinin yana nan yadda aka kwatanta masa, ya tarar an kafa falwaya a bara.

Jirgin asibiti yana da inda yake da amfani. Majiyyacin da aka riga aka daidaita a Asibitin Malam Aminu Kano ko Rasheed Shekoni na Dutse, ana son kai shi Abuja ko Legas ko waje, daga babban fili zuwa babban fili, wannan aikinsa ne, kuma Dutse na da filinta tun 2014. Haka ranar babban iftila'i irin gobarar tankar Majiya ta Oktoban 2024, inda masu ƙuna suka fi ƙarfin asibitocin kusa, ko ambaliya irin ta 2022, masu saukar ungulu na hukuma suna iya taimakawa da rana. Ko a nan ma likita ne ke da ta cewa kan wanda zai hau, domin iskar da ta maƙale a ƙirji ko ciki tana kumbura in an yi sama, ciki kuma ya yi ƙunci da ƙara, ba wurin karɓar haihuwa ba ne.

Da ni ne a ƙungiyarku, kuɗin share fili kwale-kwale mai inji zan saya da shi, da rigunan ruwa, da man da ba a taɓawa sai don mara lafiya, da mutum biyu da aka san lambarsu dare da rana. A ɗaya gaɓar kuma a yi yarjejeniya da direbobin yuniyon, irin tsarin ɗaukar masu naƙuda da aka daɗe ana yi a Jigawa a ƙarƙashin Haihuwa Lafiya, ta yadda kafin kwale-kwale ya iso mota na tsaye. Matan da kuka ga alamar haihuwarsu za ta zo da gardama, a matsar da su Haɗeja wajen dangi tun kafin ruwa ya cika, ko Jahun inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke aikin haihuwa tun 2008. Firij mai aiki da hasken rana da allurar tsayar da jini da jerin masu ba da jini, wannan fanninka ne. In kuma lallai wani abu mai tashi sama kuke so ku roƙi gwamnati, ku roƙi irin ƙananan jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline, waɗanda suka fara a Ruwanda a 2016, suka shigo jihar Kaduna a 2022. Jini da magani suke kai wa asibitin ƙauye su jefo da 'yar lema. Ba sa bukatar titi a wajenku, in kuma ɗaya ya faɗi leda biyu ta jini aka yi asara.

Duk da haka ku tanadi wurin saukar ungulu, wannan bai kai komai ba. Fili mai tauri a kan tudu, aƙalla mita 30 kowace kusurwa, nesa da wayoyi da dogayen bishiyoyi. Ka tsaya a tsakiyarsa ka ɗauki lambobin wurin da wayarka, ka ajiye kwafi wajen mai unguwa da hakimi da ofishin agajin gaggawa na jiha. Ranar da aka ce jirgi na tafe, in rani ne a yayyafa ruwa sosai, a ɗaure dabbobi, a kwashe ledoji da tabarmi da langa-langa, 'yan sintiri su mayar da jama'a can baya, musamman yara. Ku gaya wa matuƙi duk wata waya da ke kusa, domin daga sama ba a ganin waya. Ba mai matsawa sai ya ba da hannu, ba a kuma bi ta wutsiya, can ne ƙaramar farfela take kuma ba a ganinta in tana juyawa. Masu ɗaukar gadon su cire hula, mata su ɗaure mayafi tamau. Kada kuma a tsayar da kwale-kwale ana jiran jirgi. A fara tafiya da majiyyaci, in jirgin ya samu zuwa ya tarar da ku a Haɗeja. In matuƙi ya zo ya kewaya sau biyu ya juya bai sauka ba, ka gaya wa mutanen gari kada su zage shi, akwai abin da ya hango.